Neman shawara: wani attajiri zai ɗauki nauyin jam'iyyarmu, amma da sharaɗi

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni ne ma'ajin wata ƙaramar jam'iyya, kuma abin da ke shiga asusunmu bai wuce kuɗin katin zama mamba da 'yar gudummawar magoya baya ba, wanda da kyar yake biyan hayar ofis. Yanzu wani ɗan kwangila ya ce zai ɗauki nauyin yaƙin neman zaɓenmu gaba ɗaya, tun daga motoci da fastoci har alawus ɗin wakilanmu na rumfunan zaɓe, amma da sharaɗin kada sunansa ya shiga littafin kuɗi. Shugabanmu ya ce a karɓa, ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Me kuke gani?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam Ma'aji. Sharaɗin ne abin tsoro, ba yawan kuɗin ba, domin kai ne mai riƙe da littafin kuɗin da za a yi rahoton hukumar zaɓe da shi. Ɗan kwangila ba sadaka yake yi ba. Ranar da kuka ci zaɓe zai zo da takardar neman aiki a hannu da sunan yaronsa da yake so a ba muƙami, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Saboda irin wannan ne Faransa ta haramta wa kamfanoni ba jam'iyyu kuɗi tun 1995, Kanada ma ta bi sahu a matakin tarayya a 2007.

Amsa ta biyu:
Ɗan'uwa, siyasa ba ta tafiya ba kuɗi, don haka ban ce ku kore shi ba. A Jamus gwamnati ce ke tallafa wa jam'iyyar da ta samu kashi 0.5 cikin 100 na ƙuri'u a zaɓen tarayya, amma tallafin ba ya wuce abin da ita kanta ta tara. Inda babu wannan gata, sai ku karɓi iya abin da dokar ƙasarku ta yarda mutum ɗaya ya bayar, ta banki, da rasit mai ɗauke da sunansa.

Amsa ta uku:
Ka kai maganar gaban kwamitin zartarwa a rubuce, ka nemi a sa ƙin amincewarka cikin bayanan taro, sannan ka adana kwafi a wurinka.