Gari, na ruwa ko dunƙule: wane sabulu ne ya fi fitar da kwanuka a injin wanke-wanke?

Uwar Biyu, Abuja

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni amfani da injin wanke-wanke. Wata huɗu ke nan da maigida ya kawo mana shi, kuma a cikin wannan lokaci na gwada sabulu iri biyu, amma har yau ban samu wanda ya kwanta mini a rai ba. Da farko na sayi na ruwa mai kauri, domin shi ya fi araha a kantin da nake zuwa. Yana fitar da maiƙon miya daidai gwargwado, sai dai kofunan shayi suna fitowa da jan zobe a ciki kamar ba a taɓa su ba. Daga baya na koma ga dunƙule, wanda ake sa guda ɗaya a kowane wanki. Ya kawar da tabon shayin, amma kofunan gilashi suka fara dusashewa da wani farin hazo, sannan sau biyu ina buɗe injin ina tarar da rabin dunƙulen manne a ɗan akwatinsa bai narke ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kwanon tuwo. Idan an ci tuwon shinkafa ko na masara da dare, aka bar kwanukan zuwa safe, suna fitowa daga injin da ƙyalli, amma idan na shafa yatsa sai na ji kaushi, dole na sake bi da soso. Robobin da ake zuba miyar manja kuwa sun koma ruwan goro gaba ɗaya. Ruwanmu na rijiyar burtsatse ne. Shin laifin sabulun ne, ko kuwa injin ne ba a ƙera shi don irin cimarmu ba? Kuma garin sabulun da nake gani a kanti, wanda ban taɓa gwadawa ba, yana da wani fifiko a kan waɗannan biyun?

Malamin Kimiyya, Zariya

Wa alaikumus salam, Hajiya. Injin bai san tuwo ba, bai kuma san taliyar Turawa ba. Ruwan zafi kawai yake fesawa. Aikin da soso da hannu suke yi a gindin famfo, sinadaran da ke cikin sabulun ne suke yin sa a cikin inji, shi ya sa ya fi kyau ki karanta abin da aka jera a bayan kwali a kan ki dubi sunan da ke gabansa.

Abubuwa uku ne suke ɗaukar nauyin wankin. Na farko soda ce, 'yar'uwar kanwar da muka sani a ɗakin girki, ita ce take narkar da maiƙo, kuma kusan kowane sabulun inji yana da ita ko makamanciyarta. Na biyu su ne enzayim, waɗanda suke warware ragowar abinci: akwai amilez mai cin sitaci, akwai kuma furotiyez mai cin ragowar ƙwai, madara da nama. Na uku bilic ne irin na iskar oksijin, wanda ake sawa a matsayin farin gari, shi ne mai kawar da launin shayi da kofi. To, matsalar sabulun ruwa ita ce bilic da enzayim ba sa zaman lafiya a kwalba ɗaya, domin idan suna jiƙe tare bilic ɗin yana lalata enzayim tun kafin kayan su bar kanti. Saboda haka mai yin na ruwa dole ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya. Naki, bisa yadda kika kwatanta, ba shi da bilic, shi ya sa zoben shayin ya zauna. Gari da dunƙule kuwa a bushe suke, don haka suna iya ɗaukar duka biyun ba tare da sun taɓa juna ba sai sun shiga ruwa.

Kaushin da kike ji a kwanon tuwo sitaci ne da ya bushe ya kama jikin kwanon, kuma maganinsa amilez ne tare da lokaci. Enzayim ba ya son gaggawa, ba ya kuma son zafi mai tsanani. Idan kina zaɓar gajeren wanki na minti 30, ko mafi tsadar dunƙule ba zai gama da tuwon da ya kwana ba. Dogon wankin nan mai zafin digiri 50, wanda yake ɗaukar awa uku ko fiye, shi ne ya fi dacewa da cimarmu, ko da yake na san a ƙasar nan samun wuta ta awa uku a jere wani abu ne daban.

A ra'ayina gari ya fi miki, saboda dalili ɗaya da mutane ba su cika lura da shi ba. Yawancin injuna suna fara ɗauraye kwanuka da ruwa zalla kafin akwatin sabulu ya buɗe. Mai amfani da dunƙule ba shi da abin da zai sa a wannan zagaye na farko, amma mai gari yana iya barbaɗa ƙaramin cokali ɗaya a jikin ƙofar, sai maiƙon manja ya tafi tun a ruwan farko, babban wankin ya fuskanci sitacin kaɗai.

Yar Katsina a Landan

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma ni ban yarda gari ya fi dunƙule ba, kuma ina ganin ya tsallake maganar farin hazon, wadda ita ce na fi sani. Shekara shida na yi a Mancesta, inda ruwan famfo yake zuwa daga tafkunan arewa maso yammacin Ingila, kuma ban taɓa sanin ana zuba wa inji gishiri ba. Da muka dawo Landan, wadda ruwanta yake ratso ƙasa mai alli, cikin wata guda butar dafa shayi ta yi farin ɓawo a ciki, kofuna suka koma kamar an shafa musu toka, alhali sabulun da nake saya bai canza ba. Maƙwabciyata ce ta nuna mini wani murfi a ƙasan injin inda ake zuba gishiri na musamman, wanda yake taimaka wa na'urar da ke ciki ta tsame allin daga ruwa. Tun da na fara cika shi, na kuma riƙa zuba ruwan ɗauraya mai sa ƙyalli a nasa gurbin, hazon ya ɗauke.

Don haka, 'yar'uwa, kafin ki zargi dunƙulen, ki duba ko gurbin gishirin injinki ba wayam yake ba. Kada kuma ki zuba gishirin miya, domin ana gauraya shi da abin da ke hana shi dunƙulewa, kuma ƙanana ne ƙwayoyinsa.

Ni dai dunƙule nake saya, ko Finish ko Fairy ko na manyan kantuna masu sunan kantin a jiki, duk wanda na samu da rangwame, kuma a gaskiya bambancin da nake gani tsakaninsu bai kai bambancin kuɗinsu ba. Abin da ya sa na riƙe shi shi ne yara ne suke loda injin, kuma idan na ba su gari sai sun zuba ninkin abin da ake buƙata. Sai dai a ɗaga shi sama inda ƙaramin yaro ba zai kai ba, domin masu launin nan suna kama da alewa, kuma suna ƙona baki da ido.

Mai Gyaran Injuna, Kaduna

Hajiya, dunƙulen da bai narke ba sau da yawa ba laifinsa ba ne. Ko dai an sa shi a akwati mai danshi ya manne, ko kuma an jera babban faranti ko murfin kula a gaban akwatin, ya hana ƙofarsa buɗewa sosai. Idan kuma an ɗauke wuta a tsakiyar wanki, ruwan ya huce, shi ma yana jawo haka. A cire matatar da ke ƙasan injin a wanke ta duk mako, musamman a gidan da ake cin miyar kuka da kuɓewa, domin yauƙin yana taruwa a wurin, injin ya riƙa mayar da ruwa mai datti a kan kwanuka. Na sha zuwa gidan da aka canza sabulu har kala uku, alhali matatar ce ta toshe da shinkafa da ƙayar kifi.

Gargaɗi ɗaya: komai ƙarewar sabulun inji, kada a zuba masa na wanke-wanken hannu ko omo. Waɗannan an yi su ne don su yi kumfa, na inji kuwa an yi shi ne don kada ya yi. Na taɓa tarar da ɗakin girki da kumfa har bakin ƙofa saboda cokali biyu kacal.

Malamin Kimiyya, Zariya

Na karɓi gyaran 'yar'uwarmu ta Landan, amma kada Hajiya ta yi saurin sayen gishiri, domin farin hazo iri biyu ne, kuma dalilansu kishiyoyin juna ne. Akwai na alli, wanda ta kwatanta. Wannan ya ƙara yawa ne a ƙasashen Turai da Amurka bayan an rage sinadarin fosfet, mai kama allin da ke cikin ruwa, a sabulun inji saboda yana haddasa yaɗuwar gansakuka a koguna da tafkuna. A Amurka an yi hakan a 2010, a Tarayyar Turai kuma dokar ta fara aiki a farkon 2017. Akwai kuma hazo na biyu, wanda yake faruwa idan ruwan ba shi da alli sosai amma aka cika masa sabulu mai ƙarfi da zafi: sinadaran da aka sa don su kama alli ba su samu alli ba, sai su koma cin fatar gilashin. An auna dunƙule ne yadda zai isa cikakken inji a ruwa mai alli, kuma ba a iya rage shi cikin sauƙi.

Gane su ba wuya. Ki ɗauki kofi ɗaya da ya dusashe, ki jiƙa shi da ruwan lemun tsami ko ruwan khal na minti goma, ki goge. Idan ya koma garau, alli ne, ki bi shawararta. Idan hazon ya zauna, gilashin ne ya ci, kuma ba ya gyaruwa.

Robobin manja kuwa, babu sabulun da zai fitar da su tas, domin launin ya shige cikin jikin robar ne, ba a samanta yake ba. Ki wanke su ki shanya a rana kwana biyu, hasken rana yana kashe wannan launi fiye da duk abin da ake sayarwa a kwali.

Uwar Biyu, Abuja

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi gwajin lemun tsamin a kofuna uku, kuma babu wanda ya washe, sannan na leƙa butar shayinmu da muka shekara biyu muna amfani da ita, ban ga ɓawon da Yaya ta Landan ta ambata ba. Ashe ni ce na riƙa jefa cikakken dunƙule a kan rabin kaya, na kuma zaɓi wanki mafi zafi don ina ganin shi zai fi fitar da tuwo. Na sayi gari, na duba bayan kwalin na ga yana da enzayim da bilic, kuma mako guda ke nan ina sa abin da bai kai awon da aka rubuta ba, da ɗan kaɗan a jikin ƙofa kamar yadda Malam ya ce. Kwanukan tuwo sun fito sumul sau biyar cikin shida. Na shidan ranar da aka ɗauke wuta ne. Matatar kuma, gara kada na faɗi abin da na tarar a cikinta.

Saura tambaya ɗaya. Jiya na sa tukunyar alminiyum da nake tuƙa tuwo a ciki, ta fito ta yi baƙi-baƙi, tana barin toka a hannu. Garin ne ya yi mata ƙarfi?

Mai Gyaran Injuna, Kaduna

Ba garin kaɗai ba ne, Hajiya, ko dunƙule ko na ruwa kika sa haka za ta fito, domin sodar da ke cikinsu duka tana cin alminiyum a ruwan zafi. Tukunyar ba ta lalace ba. Ki tafasa ruwa da lemun tsami ko tsamiya a cikinta, ki goge da soson ƙarfe, za ta yi haske, amma kada ta sake shiga inji. Haka muciya, ƙwarya, akushi da ludayin duma, su ma a bar su a hannu, saboda zafin yana tsaga su. Garin kuma ki juye shi a roba mai murfi kafin damina ta kankama, in ba haka ba zai sha danshi ya daskare a kwalinsa, ƙarfin bilic ɗin ya ragu.