Abin da na tsinta a hirarmu kan kajin gida

Jiya bayan la'asar mun zauna da matan unguwa kan mutuwar kaji da ke zuwa duk hunturu. Kaza ta takure, ta saki fukafukai, ta yi koren zawo, wuya ya murɗe. Wannan ce cutar Niyukasil, kuma ba ta da magani sai rigakafi. Wata ta kawo maganar jiƙa barkono da ɓawon maɗaci, amma mai aikin dabbobi da ke cikinmu ta ce wannan ba ya tsayar da ita. Ta ce a nemi rigakafin I-2 da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke kusa da Jos ke yi, ɗigo ɗaya a ido, duk bayan wata 4, kafin iska ta taso. Ni ma nan na fi karkata.

Kazar da aka sayo a kasuwa a ware ta mako 2. Wadda ta mutu a binne ta, kada a jefa a bola.

Inna ta ƙara da nata: a share akurki, a barbaɗa toka saboda ƙwarƙwata, a sauya ruwan sha kullum, 'yan tsaki kuma a kife su da kwando saboda shaho.