Ranar da kuka fara kunna tsohuwar kwamfuta, me ya faru?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Muna gyaran ɗakin ajiya na gidanmu kafin damina, sai muka ci karo da kwamfutar marigayi mahaifinmu a ƙarƙashin tsofaffin tabarmi da buhunan takardu. Irin ta kwance ce da ake ɗora ekaran a kanta, tana da maɓallin Turbo da ɗan makulli a gaba, an liƙa mata takarda mai cewa 486 DX2-66. Mahaifiyarmu ta ce rabon da a kunna ta tun wajen 2003. Baba mutum ne mai yawan rubutu, asalin gidanmu da wasiƙu da lissafin gonaki duk a ciki yake zuba su. Hannuna na ƙaiƙayi in jona ta da kuran, amma gabana na faɗuwa. Don Allah duk wanda ya taɓa tayar da kwamfutar da ta daɗe a ajiye, ya gaya mini abin da ya gani ranar farko, mai daɗi da marar daɗi.

Mai gyaran rediyo, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ƙanena, kada ka jona ta tukuna. Juya bayanta, ka duba kusa da inda wayar kuran take shiga, za ka ga wani ɗan jan maɓalli da ake turawa gefe. Ka karanta abin da ya nuna, 115 ko 230.

Wannan ɗan maɓallin ne ya ci mini Pentium II ta farko da na mallaka. Cikin kayan Kwatano na tsince ta, fes da ita, ashe daga Amurka ta fito inda wutarsu ta gida 120 ce, tamu kuwa 220. Ina jonawa na ji ƙara kamar an fasa ƙwai a wuta, sai hayaƙi mai ɗaci ya turnuƙe shagon. Idan maɓallin yana kan 115, akwatin wutar ninka abin da ya shigo yake yi sau biyu, to ka ga manyan kwandansatoci biyu da aka ƙera don bolt 200 kowanne an ɗora musu wajen 300. Da na buɗe, ɗaya ya tsage, fiyus ya yi baƙi ƙirin. Kwana uku ban iya kallon ta ba.

Tun daga ranar nake da ƙwan fitila na da, mai zare a ciki, wat 100, na ɗaura shi a kan waya ɗaya ta yadda wuta sai ta bi ta cikinsa kafin ta isa na'ura. In ya haska sau ɗaya ya dushe, lafiya lau. In ya tsaya da haske tar, akwai abin da ya haɗe a ciki, sai ka zare nan take ba tare da komai ya ƙone ba. Ƙwan zamani ba ya wannan aikin.

Mushe mai ritaya, Zango:
Ɗana, abin da zan gaya maka ya fi na maɓalli ciwo, domin shi a ɓoye yake ɓarnarsa. Wata kwamfuta 386 ce aka fitar daga wani ofis za a zubar, na roƙa aka ba ni, don a kan irinta na koyi aiki. Na kunna, fanka ta juya, rubutu ya fito, amma kilabiye, wato maɓallan rubutu, ko motsi. Na canza har uku, duk ɗaya.

Da na buɗe na haska tocila kusa da ramin kilabiye, sai ga wani batir kamar ƙaramar ganga, mai bolt 3.6, an manne shi da dalma a kan babban allon. Ya yi amai. Wata farar hoda kamar kanwa ta lulluɓe ƙafafunsa, hanyoyin tagulla da ke kewaye sun koma kore-kore, wasu sun ɓace gaba ɗaya. Kwamfutocin 386 da 486 da yawa irin wannan batir ke gare su, kuma ko ba a kunna su ba yana nan yana zubarwa a hankali shekara da shekaru. Abin da ke fita cikinsa dangin kanwa ne, shi ya sa ruwan tsami ke kashe ƙarfinsa. Na yanke batirin, na ɗiga binegar da auduga, na ga yana ƴan kumfa, na goge da tsohon buroshin haƙori, na bi da alkol, na shanya a inuwa.

Ɗinkin ne ya ɗauki lokaci. Sati uku ina bin hanya ɗaya bayan ɗaya da na'urar awo, inda ta yi ƙara na san a haɗe take, inda ta yi shiru na san ta yanke. Bakwai na samu. Na zare siririyar waya daga tsohuwar taransifoma na yi wa kowacce gada. Idona ba na da ba ne, jikata ce take riƙe mini gilashin ƙara girma bayan ta taso daga lakwal. Daren da na danna maɓallin F1 na kilabiye kwamfutar ta amsa, sai da na tashi na yi nafila.

Gargaɗi ɗaya: kada ka sa ɗan batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, kai tsaye a gurbin tsohon. Allon yana tura wa wancan caji, wannan kuwa ba a yi shi don caji ba. Ko ka sa diyod a tsakani don ya tare cajin, ko ka nemo ƴan ƙusoshi huɗu da aka tanada don batirin waje.

Na Karkada:
Tawa da na buɗe, zanzaro ya gina gida uku a cikin akwatin wuta, ɗaya ya riƙe fanka gam. Ga busasshiyar tsaka a kan katin hoto, ga ƙurar hunturu ta shekaru ta daskare kamar an yi yaɓe. Da na kunna a haka da zafi ya gama da ita. Famfon taya da buroshin fenti na yi amfani da su, a tsakar gida. Ka sa yatsa ka riƙe fanka lokacin da kake hurawa.

Hajiya, tsohuwar sakatariya:
Ɗana, ni ba gyara na iya ba, amma ina da abin faɗa a kan rubutun mahaifinka. Na yi shekaru ina buga ƙananan littattafan yaƙi da jahilci da Hausa, a kan Windows 3.1 sannan 95. Da na bar aiki na taho da kwali guda na disket, ƴan mega 1.44 ɗin nan. Bara wani ɗan ƙanwata ya samo mini na'urar karanta su. Cikin talatin da ɗaya, sha tara suka buɗe. Sauran da na ja ɗan ƙarfen bakinsu na leƙa, sai na ga tabo-tabo fari a kan baƙin faifan, danshin damina ya shige su. Ɗaya da muka matsa mata ta yi ta ƙugi, ta bar datti a kan na'urar har ta ɓata lafiyayyar da muka sa bayanta. A leƙa kowacce kafin a sa.

Waɗanda suka buɗe kuma, na ga abin da ya sa ni hawaye. Duk inda na rubuta ƙ ko ɗ ko ɓ, wata alama ce ta daban ta fito a wurin. Na ɗauka aikina ya lalace. Ashe a lokacin ba mu da waɗannan haruffa a kwamfuta, wani salon rubutu na musamman aka girka mana wanda ya ari gurbin wasu alamomi ya zana masu lanƙwasa a kai. Sabuwar kwamfuta ba ta da shi, sai ta nuna alamar asali. Rubutun yana nan daram. Muka zauna muka gano wace alama ke tsaye a madadin wane harafi, muka musanya su gaba ɗaya. In Baba da Hausa yake rubutu, ka kwafe har da jakar salon rubutun, kada ka ɗauki takardun kaɗai.

Ɗalibi, Jami'ar André Salifou:
Yaya, maganar Hajiya ta kawo ni kan abin da na so faɗa. Abin da ke da daraja a wurinka faifan ajiya ne, to shi za ka fara ceta. Nawa na farko sau ɗaya tak ya tashi. Na tsaya ina murna ina buɗe wasanni, na ce gobe zan kwafe. Washegari sai ƙwas, ƙwas, ƙwas, har yau bai dawo ba. Wanda ya daɗe a kwance wani lokaci tashi ɗaya ya rage masa.

Ka cire shi, ka ɗauki hoton takardar da ke bayansa. Akwai lambobi uku: silinda, kawuna, da sassa. Tunda batir ya mutu, kwamfutar ta manta da su, kuma wasu na wancan zamanin sai ka shigar da hannu. Ƴar wayar nan ta USB da ake sayarwa ba kasafai take gane faifai masu tsufa haka ba, na gwada biyu suka ƙi. Ina da Pentium III mai ramin IDE, inda ake jona irin waɗannan faifai, ita nake sawa a tsakani, tana jin yaren tsofaffi tana kuma karɓar kile na USB.

In za ka zare wayoyin wuta daga allon, guda biyu ne masu kama da juna, P8 da P9. Wajen mayarwa baƙaƙen wayoyi su haɗu a tsakiya. In aka juya su, allon ya tafi.

Ɗan Matamai:
Ni dai gaskiya ban sha wannan wahalar ba. Kawuna ya yi karatu a Faransa, ya dawo da Thomson MO5, irin wadda aka cika makarantunsu da ita a 1985, mai maɓallan roba. Ta fi shekara talatin a cikin akwatin ƙarfe. Na samo tsohuwar talabijin mai ramin Péritel da wayarta ke shiga, na jona, sai ga OK a kan allo tana jiran a rubuta mata umarni da yaren kwamfuta na BASIC. Har alƙalaminta na haske yana aiki, amma sai a talabijin mai ƙeya, a sharaɓaɓɓiyar zamani ba ya gani. Wani lokaci tsoron ya fi abin da ake tsoro yawa.

Mai gyaran rediyo, Sabon Gari:
Malam, Allah ya ba ka sa'a, kuma akwatin ƙarfen ya taimake ka. Amma taka ba ta da faifai mai juyawa da zai maƙale, ba ta ɗauke da rubutun mahaifin kowa. In ta ƙone an yi asarar na'ura, ta Ɗan Birni kuwa in ta ƙone ba shi da inda zai sake samo abin da ke ciki. Tunda ka ambaci mai ƙeya: ƙanena, ekaran ɗin Baba kada ka buɗe shi ko kusa. Yana aiki da dubban bolt, sama da dubu ashirin, kuma yana iya riƙe wuta bayan an zare shi. Wannan ka kawo mini.

Ɗan Birni:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na buɗe jiya bayan azahar. Maɓallin yana kan 230. Mushe, batirin nan na nan daidai inda ka ce, da farar hoda a ƙafa ɗaya, hanyoyi biyu sun fara kore amma ban ga wadda ta yanke ba. Na datse shi da filaya, na yi wankin binegar da alkol. Babu zanzaro, sai ƙwayayen kyankyaso da ƙura. Faifan mega 340 ne, an rubuta lambobin nan uku a bayansa: 1010, 12, 55.

Da yamma na kai wa ɗalibinmu faifan, a cikin kwali na naɗe da tsumma. Da ya jona sai shiru na ɗan lokaci, sannan muka ji ya fara juyawa da wata ƙara kamar keken ɗinki daga nesa. Bai bari na buɗe komai ba sai da ya kwafe duka sau biyu. Fayil biyar sun ƙi karantuwa, sauran sun fito. Sunayen gajeru ne saboda DOS, tsohon tsarin da kwamfutar ke aiki da shi, ba ya karɓar fiye da harafi takwas: ASALI.DOC, GONA96.XLS, WASIKA12.DOC. Hajiya, abin da kika faɗa ya faru, alamar dala ce a gurbin ƙ, kuma mun sami salon rubutun a jakar Windows. ASALI shafi goma sha huɗu ne, ya fara daga kakan kakanmu da ya zo Damagaram zamanin Sarki Tanimun. Na karanta wa mahaifiyarmu shafi uku da dare, ta gyara mini sunan wata goggo da na faɗa ba daidai ba, ta ce in dakata sai yayyena sun zo ranar Juma'a a karanta da kowa.

Kwamfutar kanta ban kunna ba tukuna. Ina so ta tashi kamar yadda Baba ya bar ta, amma da katin ajiya na CompactFlash a madadin faifan, shi kuma in adana shi. An ce in nemi ƙarami, ko in kasa wurin ajiyarsa kada ya wuce mega 504, don tsofaffin alluna da yawa iyakar abin da suke gani ke nan. Abin da na rasa kilabiye ne mai babban kai zagayayye, mai ƙusa biyar. Namu gara ta cinye kwalinsa, ɓera ya gama da wayar.

Mushe mai ritaya, Zango:
Ina da biyu, ɗaya AZERTY mai jerin haruffan Faransanci, ɗaya QWERTY na Ingilishi da na sayo a Kano. Ka duba cikin fayil ɗin AUTOEXEC.BAT na Baba, in ka ga KEYB FR to na farkon ne nasa. Ranar Alhamis zan shiga Kasuwar Dole, daga nan in biya shagon mai gyaran rediyo a Sabon Gari bayan la'asar. Ka taho da ita da ekaran ɗin, shi ya tanadi ƙwan fitilarsa, ni zan zo da na'urar awo mu bi hanyoyin nan biyu da suka yi kore kafin a sa mata wuta.