Shin akwai sirri a binciken jin ra'ayin ma'aikatan jami'a?

Malamin Lissafi: Salamu alaikum. Kowa ya ga fom ɗin da aka turo na jin ra'ayin ma'aikata, wai na sirri ne, kowa ya faɗi abin da ke ransa game da aiki da shugabanci. Ni dai ina ganin sirrin nan a baki ya tsaya. Kafin ka kai tambayar farko sai ka faɗi sashenka, muƙaminka, jinsinka da shekarun da ka yi a aiki. Me ya rage in ban da suna? Ba zan cike ba.

Jami'ar Kula da Ma'aikata: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai binciken da ba wanda ya san mai amsa ko kaɗan, akwai kuma na sirri, kuma ba ɗaya suke ba. Namu na sirri ne: wani kamfani da ba na jami'a ba ke riƙe da amsoshin, kowa da nasa mahaɗin intanet na shiga fom ɗin don kada mutum ɗaya ya cike sau biyar, jimilla kawai ake miƙa wa hukumar jami'a. Duk rukunin da masu amsa ba su kai 10 ba, ba a fitar da sakamakonsa. Gwamnatin Birtaniya tana yi wa ma'aikatanta irin wannan duk shekara tun 2009, da wannan ƙa'ida ta mutum 10.

Malamar Kimiyyar Kwamfuta: Ranki ya daɗe, na yarda da niyyarku, amma ƙa'idar 10 ita kaɗai ba ta rufa asirin kowa. Ga sashe mai mutum 12, mace ɗaya, maza 11. Aka fitar da sakamakon sashen gaba ɗaya, aka kuma fitar da na maza tunda sun haura 10. Shugaban sashe ya ɗauki biro ya debe wannan daga wancan, ga amsar matar nan a tafin hannunsa. Ni ce matar nan a sashenmu, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai. A shekarar 2000 wata mai bincike a Amurka, Latanya Sweeney, ta nuna cewa ranar haihuwa da jinsi da lambar gidan waya ta unguwa sun isa a tantance kusan kashi 87 cikin 100 na mutanen Amurka. Bayani uku kacal. Fom ɗinmu huɗu ya nema.

Malamin Lissafi: Madalla, Malama. Abin da nake ji a jikina kin sa shi a lissafi.

Malamar Kimiyyar Kwamfuta: Kada ka ja ni ɓangarenka tukuna, Malam. Matsalar tana da magani: in an ɓoye ƙaramin rukuni, a ɓoye wanda za a debe a gano shi da shi, kuma kada a bari shugaba ya riƙa gwama sashe da jinsi da muƙami yana tacewa yadda ya ga dama. A gyara nake cewa, ban ce a ƙaurace ba.

Farfesa a Tsangayar Ilimi: Ku ba ni dama in ɗan koma baya. Masani William Kahn, wanda maƙalarsa ta 1990 ta kafa tubalin fannin nazarin himmar ma'aikata a wurin aiki, ya gano sharuɗɗa uku da ke sa mutum ya zuba kansa cikin aiki: ya ga aikin yana da ma'ana, ya ji zai iya bayyana kansa ba tare da tsoron abin da zai biyo baya ba, ya kuma samu ƙarfin jiki da na zuciya. Tsoron da Malam ya faɗa shi ne na biyun. Ko a tambayoyi 12 da kamfanin binciken jin ra'ayi na Gallup ke yi wa ma'aikata akwai wadda ke tambayar ko ana ɗaukar ra'ayinka da muhimmanci a wurin aiki. Damuwata ita ce, in masu ƙorafi suka yi shiru, waɗanda komai ke tafiya musu daidai ne za su cike, rahoto ya fito fes, majalisar gudanarwa ta ce ai lafiya lau.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji: Ranka ya daɗe Farfesa, ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Ku malamai kuna da taron sashe, kuna da majalisar dattawan jami'a. Mu fa? Na'urar zuƙe hayaƙi ta ɗakinmu ta daɗe da lalacewa, sai mu wangale tagogi in ɗalibai za su haɗa sinadarai, in tashi da yamma idona jajir. Na rubuta takarda, ta maƙale a teburin wani. Wannan fom shi ne karo na farko da aka tambaye ni kai tsaye. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Malamin Lissafi: Wallahi na ji maganarka har zuciya. Amma bari in gaya maka abin da ya same ni a inda na fara aiki. Na rubuta a akwatin sharhi na ƙarshe cewa rabon kwasa-kwasai ba adalci, na yi amfani da wata kalma da kowa ya san bakina da ita. A taron sashe aka karanta sharhin kamar yadda na rubuta, kawuna suka juyo gare ni. Ba wanda ya kore ni, amma gaisuwa ta canja. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Jami'ar Kula da Ma'aikata: Wannan kam kuskure ne babba, kuma ba zan kare shi ba. Akwatin sharhi ya fi lambobi tona asiri, domin salon mutum kamar muryarsa ne. Zan nemi a tattara sharhi bisa jigo, a cire sunaye da duk abin da zai nuna mutum, kada shugaban sashe ya ga asalin rubutun. Batun debewa da Malama ta kawo kuma yau zan kai wa kamfanin.

Malamin Lissafi: A rubuce nake son gani, da sa hannun magatakarda, a turo wa kowa kafin ranar rufewa. In na gani zan amsa tambayoyin zaɓi. Akwatin ƙarshe kuwa zan bar shi fayau.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji: Ni na riga na cike tun da safe, Malam. Na rubuta batun na'urar hayaƙin, har lambar ɗakin na sa, don su san inda za su zo.