Awon ci gaban ɗalibi guda: me kuka gani a azuzuwanku?

Malamar firamare, Aboabo:
Assalamu alaikum malamai. Ina gwada wata dabarar koyar da karatu a kan yaro guda da aka bari a baya a aji uku, kuma kullum ina ƙirga kalmomin da yake karantawa daidai cikin minti ɗaya. Zanen awon ya nuna ci gaba a fili, amma da na lissafa PND, wato kason ranakun da suka zarce makinsa mafi girma na kafin fara dabarar, sai sakamakon ya fito ƙasa ƙwarai. Ko akwai wanda ya taɓa gamuwa da haka?

Malami, Asawase:
Wa alaikumus salam, Malama. Na gamu da irinsa a ajina. Ki sake duba awon farko, da wuya ki rasa rana guda da yaron ya yi zarra, wataƙila don an ba shi shafin da ya riga ya haddace. PND, wanda Scruggs da Mastropieri da Casto suka gabatar a 1987, ya rataya ne kacokan a kan wannan maki ɗaya. Shi ya sa na koma NAP na Parker da Vannest, na 2009, ma'aunin da ke kwatanta kowane maki na kafin fara dabarar da kowane maki na bayan fara ta, ta yadda rana guda ba za ta rinjayi sauran ba.

Ɗalibar digiri na biyu, Sabon Zongo:
Malam, NAP ma yana da nasa rauni. Yarinyar da na bibiya ta riga ta fara hawa tun kafin in sa hannu, domin yayarta na yi mata bita da dare, don haka lissafin ya ba dabarata yabon da ba nata ba ne. Wani ma'aunin, Tau-U na 2011, yana rage tasirin wannan hawan, ko da yake ban cika amincewa da gyaran ba idan makin farko ba su da yawa.

Abin da ya fi damuna, Malama, shi ne yaro guda. Ƙa'idojin What Works Clearinghouse, cibiyar tantance binciken ilimi ta Amurka, na 2010, sun nemi a ga tasirin sau uku a lokuta mabambanta. Tunda ba a ƙwace karatu daga wanda ya iya, janye dabarar don a ga ko makin zai sauka ba zai nuna kome ba, sai na ɗauki yara uku na fara da su bi da bi. Wahalar ita ce mahaifiyar na ukun, wadda ta yi ta zuwa tana tambaya me ya sa ake ta auna ɗanta ba a koya masa.