Neman kalma: me za a kira “tur” a rediyo?

Mai shirin rediyo: Salamu alaikum. Gobe da hantsi zan naɗi shiri kan wani gida a nan Yamai da suka mai da zaurensu wurin aikin ƙarfe, uba da ƴaƴansa. Babban injinsu tsohon Cazeneuve ne na Faransa, irin wanda ake ɗaure ƙarfe yana juyawa, wuƙa na cinsa. Su tur suke cewa, amma a kunne tur da tir ba su da nisa. Ku agaza.

Ɗan Katako: Injin sassaƙar ƙarfe. An gama.

Tsohon malami, Tawa: Ɗiyata, kar ki biye wa masu gaggawa. Daga buɗe muka samu mabuɗi, daga duba madubi. To daga fiƙe sai mafiƙi. Kalma guda, ta gida, babu aro.

Mai tur: Malam, a gafarce ni, fiƙewa tsini ake nema. Ni rage kauri nake, in huda ciki, in fidda haƙoran noti. Sassaƙar ma ba ta cika ba: wurin masassaƙi gizago ke motsi, icce na kwance. Nan ƙarfen ke gudu, wuƙa na binsa sannu, ɓawon na fita a nannaɗe da zafinsa. Wanda wuƙarsa ke juyawa inji ne daban, firezes.

Baƙo daga Kano: Mafiƙi ai na fensir ne, Malam.

Tsohon malami: Ku da kuka cika Hausa da sukurdireba da sufana, ku za ku yi mana gyara?

Baƙo daga Kano: Ku fa? Kile da marto a Adar aka haife su?

Tsohon malami: Maƙeran Adar na da masaba da awartaki da zugazugi tun Bature bai san hanya ba. Kowane da sunansa.

Ɗan Katako: Su suka ƙera abinsu, suka raɗa masa suna. Wannan kuwa a Ingila Henry Maudslay ya daidaita shi wajen 1800. Baƙo da sunansa yake zuwa.

Mai tur: Hajiya, in da fili ki faɗa wa masu sha'awa abin da ya fi suna. Yawancin manyan tsofaffin injinan nan wutar volt 380 suke ci, layi uku, wutar gida kuwa 220 ce. Ƙasa sai an zuba kankare an daidaita, in ba haka ba aiki ya fito kai da gindi ba ɗaya ba. Na Ingila da Amurka, irin su Myford da South Bend, da inci aka yi su. Kafin su yanka haƙoran milimita daidai sai da pinyo, wato giyar inji, mai haƙori 127. Wanda ya sayi inji babu pinyoyinsa zai sha yawon kasuwar Katako. Yara kuma ban da babbar riga kusa da shi.

Mai shirin rediyo: Na gode, Baba, wannan zai shiga. Sunan fa?

Tsohon malami: To majuyi.

Baƙo daga Kano: Na tuwo?

Mai shirin rediyo: Dare na yi. Farko zan ce “tur, wato injin sassaƙar ƙarfe”, daga nan in ci gaba da tur, ina jan wasalin. Firezes kuwa zan bar mai gidan ya faɗa da bakinsa.

Tsohon malami: Shirinki ne. Ni dai a littafina mafiƙi na rubuta.