Neman kalma: awon sukarin da ake yi da safe kafin a ci komai, me za mu kira shi?

Mai shirin lafiya, Gombe: Assalamu alaikum. Jibi za mu naɗi shirin rediyo na ranar ciwon sukari ta duniya, 14 ga Nuwamba, kan yadda mutum zai gane awon da yake yi a gida. Kalmomi uku sun tsaya mini. Na farko abin da ake rubutawa a takardar asibiti da fasting blood sugar. Na biyu ita na'urar, gulukomita. Na uku yanayin da sukari ke yin ƙasa sosai. A daftarin da aka ba ni an sa "sukarin azumi", kuma bai kwanta mini ba. A taimaka kafin gobe da la'asar.

Nas, Kaltungo: Wa alaikumus salam. Cire "azumi" tun yanzu. Duk wanda ya ji azumi zai ɗauka har ruwa an hana shi, wani ma ya jira sai ya yi sahur ya wuni, ya zo awo da yamma. Abin da ake so shi ne awa 8 aƙalla ba abinci, ba shayi, ba kunu, ba goro, amma ruwa zalla a sha. A nan "awon kafin karin kumallo" muke cewa.

Mai harhaɗa magunguna, Azare: Ko "awon tashi daga barci". Na'ura kuwa kowa a kanti "injin awon suga" yake cewa.

Likita, Bauchi: "Tashi daga barci" ba zai yi ba, Malam. Mai gadin dare yana tashi da azahar bayan ya ci tuwo da hantsi. Sharaɗin awa 8 ne, ba barci ba. Ina bayan na Nas. Hajiya mai shiri, ga alƙaluman da za ki jingina kalmar a kai, a ma'aunin mg/dL, wato miligiram nawa na sukari ke cikin kowane desilita na jini. Kafin karin kumallo, 70 zuwa 99 lafiya ne. Daga 100 zuwa 125 an fara hawa, ba ciwon ba ne tukuna, kodayake Hukumar Lafiya ta Duniya daga 110 take fara ƙirga wannan mataki. Daga 126 zuwa sama shi ne iyakar ciwon sukari, amma sai an maimaita a wata rana, kuma da jinin da aka ɗiba a ɗakin gwaji. Na'urar gida tana iya kaucewa da kusan kashi 15 cikin 100, don haka ba a yanke wa mutum hukunci da ita. Idan kuma an auna a kowane lokaci aka ga 200 ko fiye, ga yawan fitsari, ga ƙishirwa, ga rama, wannan ba na jira ba ne, a tafi asibiti.

Malamin Hausa, Misau: Kafin ku yi nisa. "Injin awon suga" kalma uku ce, biyu aro. Hausa tana da hanyar ƙera sunan kayan aiki: buɗe ya ba da mabuɗi, auna ya ba da ma'auni. To me ake aunawa? Zaƙi. Ina ba da shawarar "ma'aunin zaƙi" ga na'ura, "zaƙin jini" ga abin da ake aunawa, cutar kuma "ciwon zaƙi". Da tushe ɗaya an gama da duka ukun. Awon safe ya zama "zaƙin asuba".

Nas, Kaltungo: Malam, ma'auni na karɓa hannu biyu. Zaƙi ne ban yarda ba.

Malamin Hausa, Misau: Don me, 'yata? Sukari ai Larabci ne, suga Turanci. Zaƙi ne kaɗai namu.

Likita, Bauchi: Allah ya gafarta Malam, matsalar ba ta nahawu ba ce. Babban abin da muke fama da shi wurin masu wannan ciwo shi ne tunanin cewa zaƙi ne ya kawo shi, don haka ɗaci ne maganinsa. Mutum ya ajiye ƙwayarsa ya koma jiƙon shuwaka da ganyen darbejiya, ya daina shan rake, amma ya ci malmala uku ta tuwon shinkafa da burodi da safe, don ba su da zaƙi a baki. Alhali duk sitaci a hanji gulukos yake komawa, wato sukarin da ke shiga jini, ko masara ce ko gero ko rogo. Idan rediyo ta ce "zaƙin jini", ta sa hannu a kan wannan fahimtar. Kuma jinin ba ɗanɗana shi ake yi ba, adadin gulukos ake aunawa.

Malamin Hausa, Misau: To ai "sukari" ma haka yake sa mutane su zaci na shayi ne kawai. Idan dukansu suna da aibi, a ɗauki na gida.

Mai fassara, Gombe: Malam yana da gaskiya a nan, sukari ma yana ruɗarwa. Bambancin shi ne "ciwon sukari" ya riga ya zauna, gidajen rediyon waje da na gida duk da shi suke aiki. Shirin minti 30 ba zai koyar da sabon suna ya kuma koyar da awo ba.

Malamin Hausa, Misau: Ya zauna ne don daga Kano da Kaduna aka fara faɗarsa. Da daga can aka ce "ciwon zaƙi" da yanzu kowa ya haddace. Kullum mu na Guddiri da Bauchi sai dai mu karɓa, ba ma bayarwa.

Mai harhaɗa magunguna, Azare: Ni Baguddire ne, Malam, kuma tsofaffin da ke zuwa daga ƙauyukan Katagum "suga" suke cewa, ba wanda ya koya musu daga Kano.

Mai fassara, Gombe: Kuma a tuna masu sauraron wannan shiri. Akwai Fulani, Tangale, Tera, Waja, Bolawa, da yawansu Hausa harshe na biyu ce gare su. Kalmar kasuwa ce za ta kai gare su.

Malamin Hausa, Misau: Wannan hujjar ce ta sa 'ya'yanmu ba su iya ƙirga ashirin da Hausa ba. Kowa ya ce a bi kasuwa.

Mai shirin lafiya, Gombe: Don Allah a dawo. Saura ta uku, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro.

Nas, Kaltungo: Kada ki ce "saukar sukari". A kunnen mai ciwo sauka albishir ce, kamar a ce hawan jini ya sauka. Ki ce "faɗuwar sukari". Ƙasa da 70 ke nan. Alamunta rawar jiki, zufa mai sanyi, bugun zuciya, yunwa farat ɗaya, jiri, wani ya rikice yana magana ba kan gado. Ta fi kama mai allurar insulin ko mai shan ƙwayar ciwon sukari ta gilibenkilamaid da ya sha magani bai ci abinci ba. Idan yana cikin hayyacinsa a ba shi gram 15 na sukari, wato babban cokali ɗaya na sukari ko zuma, ko rabin kofin lemon kwalba. A jira minti 15 a sake aunawa. Idan har yanzu ƙasa da 70 ne a maimaita, idan ya hau a ba shi abinci. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti.

Mai harhaɗa magunguna, Azare: Ƙara wannan, Hajiya, don ya fi kalmomin haɗari. Na'urori iri biyu ne a kasuwa, wata mg/dL take nunawa, wata mmol/L. Mutum ya ga 7.0 ya ɗauka sukarinsa ya faɗi warwas ya hau shan lemo, alhali 7.0 ɗin nan ta mmol/L ita ce 126 a mg/dL. Da 18 ake ninkawa. Idan lambar tana da ɗigo a tsakiya, a duba ƙananan haruffan da ke gefenta. Sai 'yan takardun da ake ɗiga jinin: zafin Maris da Afrilu na lalata su idan aka bar su a mota ko kan taga, haka barin murfin kwalbarsu a buɗe, haka wucewar wa'adi. Hannu kuma a wanke da sabulu a bushe. Wanda ya ɓare mangwaro ko ya taɓa dabino ya huda yatsa a haka zai ga lamba ta tashi sama, na fatar ne ya auna. A huda gefen yatsa, kada a yi ta matsa shi da ƙarfi, ruwan tsoka yana gaurayuwa da jinin.

Likita, Bauchi: Alamun da za ki lissafa wa wanda bai taɓa awo ba: tashi fitsari sau da yawa cikin dare, ƙishirwar da ruwa ba ya kashewa, rama duk da ci, kasala, gani dishi-dishi, gyambon da ya ƙi warkewa, ƙaiƙayin gaba mai dawowa, jin tafin ƙafa kamar ana tsira allura ko ya mutu. Ki faɗa musu kuma da yawa ba sa jin komai shekara da shekaru, shi ya sa ake awon. Yaro kuwa da ya fara fitsarin kwance bayan ya daina, yana ramewa yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, a ranar za a kai shi.

Mai shirin lafiya, Gombe: Na gode ƙwarai. Ga abin da zan naɗa: "awon kafin karin kumallo" tare da ambaton awa 8 kowane lokaci, "faɗuwar sukari", sai "ma'aunin sukari", rabi na Malam rabi na kasuwa. Mataki na 100 zuwa 125 har yanzu ba ni da suna, zan ce "sukari ya fara hawa".

Mai fassara, Gombe: "Kan iyaka" fa?

Likita, Bauchi: Zai iya yi, amma wasu za su ji kamar sun tsira. A bar shi sai wani zama.

Malamin Hausa, Misau: Ma'aunin sukari ya fi inji, na yarda da wannan kaɗai. A aji ni dai "zaƙin jini" zan ci gaba da koyarwa, kuma zan haɗa da bayanin tuwon da Likita ya yi. Allah ya ba da sa'ar shiri.